Yadda Ake Fita da Baƙon Ƙasar Waje Yini Guda a Sakkwato

Karon farko da aka damƙa mini baƙo daga ƙasar waje, wani malami Bajamushe da ya zo duba tsofaffin littattafan malamanmu, na yi abin da yawancinmu ke yi. Na kai shi babban kanti mai sanyi, na kai shi gidan abinci mai teburi da cokali mai yatsu, aka ajiye masa soyayyiyar shinkafa da cinyar kaza. Ya ci, ya yi godiya irin ta kara. A hanyar komawa muka wuce wani mai tsire, hayaƙi na tashi, mutane sun yi masa zobe, sai na ga baƙona ya juya wuya yana kallo har muka sha kwana. Nan na gane na ɓata masa yini. Abin da ya baro a garinsu na kai shi ya gani, kuma nasu ya fi namu kyau.

Tun daga ranar na canza tsari. Na fita da likitoci, da injiniyoyin da ke aikin siminti a Kalambaina, da malaman da ke zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo, har da 'yan gida da suka daɗe a Ingila ko Amurka suka dawo da 'ya'yan da ba su taɓa ganin masa a tanda ba. Ga tsarin da nake bi.

Tun kafin ranar

A Sakkwato rana da salla ne ke tsara maka yini, ba agogonka ba. Idan da zaɓi, ka sa fitar a cikin hunturu, tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, kuma wanda bai saba ba zai iya galabaita tun kafin azahar. In dole sai a lokacin, to a fita da sassafe a dawo inuwa da ƙarfe 11. Kada ka zaɓi Juma'a, don daga hantsi hankalin kowa ya koma masallaci, hanyoyin da ke kusa da Masallacin Shehu da na Bello kuma sukan cushe. Watan azumi ma ba lokacin yawon ciye-ciye ba ne, sai dai in buɗa-baki za ka gayyace shi. Asabar ta fi dacewa da kasuwa. Amma in kana son haɗawa da gidan tarihi na Waziri Junaidu, ka tuna ma'aikatar gwamnati ce, ka aika a tambayo maka ranakun da ake buɗewa.

Maganar tsaro kuma ba ta kunya ba ce. Yawon nan na cikin gari ne. Kada zumuɗi ya sa ka ce bari a leƙa wata kasuwar ƙauye ko a kai shi ya ga iyakar Illela. Halin da hanyoyin gabashin jihar ke ciki kowa ya sani. Yawancin ma'aikatun da ke kawo baƙi suna da ƙa'idar fita da lokacin dawowa, sai ka sa shi ya sanar da su tun da wuri, ka kuma mayar da shi masauki kafin dare ya yi nisa.

Mutum uku ko huɗu sun isa, mota ɗaya. In kun yi yawa kun zama ayari, ayari kuwa yana ta da farashi. In baƙuwa ce mace, lallai a samu mace a cikinku, domin akwai wuraren da kai namiji ba za ka iya raka ta ba, kuma zancen atamfa da turare ba fagenka ba ne. Ni nakan roƙi wata ƙanwar mahaifiyata, wadda in ta taya kaya har ɗan kasuwa yakan ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah."

Ka gaya masa abin da zai sa ba tare da kwana-kwana ba: dogon wando da riga mai hannu, na auduga, mace kuma doguwar riga ko zane da ɗankwali ko gyale. Takalmi mai sauƙin cirewa, don za a cire shi sau da yawa. Ku tanadi kuɗi a hannu, ƙananan takardu, ko da yake masu POS sun cika kasuwa kuma 'yan kasuwa da yawa na karɓar tiransifa. Sabis kan ɗauke daidai lokacin da aka gama ciniki. Katan ɗin ruwan gora a but, da ɗan sanyinsa.

Tambaya ɗaya da ba a tsallakewa: shin jikinsa na karɓar gyaɗa? A ƙasashensu akwai mutanen da gyaɗa kaɗan ke toshe musu numfashi. Mu kuwa tsirenmu da kilishinmu da yajinmu duk ƙuli-ƙuli ne, kunun gyaɗa kuma sunansa ya faɗa. Ka tambayi batun nama ma. Na taɓa fita da wata likita 'yar Indiya da ba ta cin nama sam, sai da muka zauna gaban tuwo na tuna miyar da romon ƙashi aka yi ta. Ranar ƙosai da ƙwai-da-ƙwai, wato awara, suka fitar da ni kunya.

Karin kumallo, sai kasuwa

Ƙarfe 7 da rabi ku kasance wurin mai masa. Ka zaɓi wadda ake layi a gabanta, wadda ake kwashewa daga tanda ana zubawa a kwano, domin abin da ya fito daga wuta yanzu ba ya ɓata ciki. Masa da ɗan yaji ko zuma, ƙosai, kunu mai zafi. Ka bar shi ya tsaya ya kalli yadda take juya masar da ɗan tsinke, ramin nan bayan ramin can, ba ta duban hannunta. Kada a cika ciki, akwai tafiya.

A cikin mota ka koya masa kalmomi biyar, ba ƙari: "sannu", "nawa ne", "ya yi tsada", "rage mini", "na gode". In mai saurin kamawa ne, ka ba shi na gida: "Wanga nawa na?" Ranar da Bajamushen nan ya faɗi haka a rumfar wani dattijo, sai da maƙwabtan rumfar suka taso kallo, dattijon kuma ya ce, "Kai, wanga Bature ɗan Sakkwato na!" Ya sa yaro ya kawo benci.

Ku shiga Babbar Kasuwa wajen ƙarfe 9, an buɗe rumfuna amma rana ba ta yi ƙarfi ba. A bar mota a inda akwai mai gadi, a shiga da ƙafa. Ku fara da layin 'yan yadi, saboda dalilin da zan faɗa nan gaba.

Ciniki shi ne daɗin fitar, don haka kada ka ƙwace masa shi. Mutanenmu kan ce wa baƙo ya koma gefe kada a ga farar fata a ninka kuɗi. Ban yarda da wannan ba. Abin da nake yi, ana jibi fita nakan zaga ni kaɗai in ji farashin abubuwan da na san zai so, in riƙe a kaina. Ranar fita sai in bar shi ya yi da bakinsa, ni ina gefe, in ya kusa faɗawa rami in yi gyaran murya. In an ɗora masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, na bari. Kuɗin kallo ne.

Amma ka fahimtar da shi dokokin. Gaisuwa tukuna, a tambayi kasuwa da iyali, sannan kaya. In mai kaya ya faɗi kuɗi, a ce dubu 20, ba a zabga masa dubu 3, wannan raini ne. A fara daga wajen rabi ko sama kaɗan a riƙa hawa. In ya ce "albarka", ba addu'a ya yi masa ba, cewa ya yi tayin bai kai ba. Na ga baƙon da ya ji "albarka" ya amsa da "amin" ya zaro kuɗi. Babbar doka kuwa ita ce, in ka taya aka ce "na sallama" ko "kawo kuɗi", ciniki ya faɗa, ba a juyawa. Wanda ba ya da niyyar saye kada ya taya. Kuɗi da kaya da hannun dama ake miƙawa da karɓa. A wurin masu awo kuma, bayan an gama, ya ce "gyara fa?" ya ga yadda ake ƙara masa ɗan tafi.

A wajen yadi, turmin atamfa yadi 6 ne, yana isar mace riga da zane da ɗankwali. Namiji matsakaici yadi 5 na shadda ko yadi mara nauyi zai yi masa kaftani da wando. Ka sa ya murza bakin ƙyallen a tsakanin yatsu: mai yawan sitaci yana da ƙauri da sheƙi a rumfa, wanki ɗaya ya saki. Hula kuma sai an gwada, kada a saya da ka. Daga nan kai tsaye wurin telanka, wanda ka sani ya san ka, a auna shi tun da safe. Wannan ne dalilin farawa da layin 'yan yadi. Ka gaya wa tela ranar tafiyar baƙo, amma ka rage kwana uku. Allah ya yafe mana, ni da teloli mun san juna.

Sauran kasuwar ku bi ta a hankali: masu kayan yaji da citta da kanumfari da masoro da kimba, masu dabino, masu goro da ke yayyafa ruwa a kan ganye, masu ƙwarya da ludayi da faifai da malfa. Ka tsaya da shi gaban tulin albasa da tafarnuwa ka gaya masa daga fadamun jihar nan ake lodinsu a manyan motoci zuwa kudu. Daddawa kuwa ka bar shi ya shinshina kafin ka gaya masa zai ci ta da rana. Mata su shiga wajen turaren wuta da humra, a nan sai ka nemi benci, don ba yanzu za su fito ba.

Hoto: a tambaya kafin a ɗauka, musamman mata da tsofaffi. Wanda ka yi ciniki da shi ba ya ƙi. Shingen 'yan sanda ko na soja kuwa, waya ta koma aljihu.

Wurin dukawa

In baƙo zai tafi da abu ɗaya daga Sakkwato, to fata ce. Ka kai shi Madunka, inda dukawa ke zaune da wuƙa da basilla, ya ga ana yi, maimakon ya saya a harabar otal a ninkin kuɗi.

Kafin ku isa ka ba shi labarin, don ya san abin da yake taɓawa. Jar akuyar Sakkwato tana da fata mai laushi da ƙarfi wadda duniya ta daɗe da sani. Fatake kan ɗauke ta a raƙuma su ƙetare Sahara zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko ana yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Na gaya wa Bajamushena haka, ya yi shiru, sannan ya ce a ɗakin karatun jami'arsu akwai irin waɗannan littattafai jere, bai taɓa kawo akuyar Sakkwato a ransa ba. Majema ne ke jeme fatar da 'ya'yan bagaruwa da aka daka, ja kuma na gargajiya daga karan dafi ake samo shi. Baduku ya karɓa ya yanka, ya yi zane, ya ɗinka.

Abin da za a gani: tumtum na zama, filo, jakunkuna, alabe, takalma, kube, kayan doki. Ga yadda ake dubawa. A juya cikin kayan a ga bayan fatar; ta gaske tana da ɗan gashi-gashi kamar gari, ta roba kuwa yadi ne a manne a bayanta. A shinshina, fata ba ta ɓoye warinta. A jiƙa farin hankici a goga a inda aka rina, in ya kwaso launi da yawa, to farar rigarsa ce za ta biya. A ja ɗinki a ga ko zai buɗe baki, a zuge zif sau uku ko huɗu, domin sau da yawa fatar ta fi zif ɗin da aka sa mata daraja nesa ba kusa ba. In zif ne kawai matsalar, baduku zai canza shi nan take in ka ƙara masa ɗan abu.

Tumtum kada a saye shi a cike. A karɓi fatar kawai, tana naɗewa ta kwanta a ƙasan akwati, in ya isa gida ya cusa tsofaffin tufafi. Sabuwar fata tana da wari na 'yan makonni. A shanya ta a inuwa inda iska ke bi, ba a rana ba, in ta bushe da yawa a shafa mata man kaɗe kaɗan.

Ka hana shi abu biyu ko da ya nace. Kayan fatar maciji ko kada ko guza, domin akwai yarjejeniyar duniya kan namun daji, jami'an kwastan na ƙasarsu na iya ƙwacewa har su ci shi tara. Sai kuma duk abin da aka ce masa "na zamanin jihadi ne", takobi ko tsohon littafi. In ƙarya ce an cuce shi, in gaskiya ce doka ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, mu kuma an rage mana gado.

A wurin dukawa ciniki ya ɗan bambanta da na kasuwa. Mutumin da ke gabanka shi ya yi kwana da kwanaki a kan abin. A rage, amma kada a matse shi har ya sallama don kunya. "Baba, a duba mana dai," ya fi "wancan ya ce zai ba mu a ƙasa da haka" aiki.

Azahar

Da an kira salla a dakata. Ku da za ku masallaci ku bar shi a inuwa da mutum ɗaya da ruwan sha, ku yi bi da bi. Abincin rana kuma, in da hali, a gida. Babu gidan abinci a garin nan da zai ba shi abin da tabarmar zaure za ta ba shi. Tuwon shinkafa da miyar kuka ko ta sure, man shanu a gefe, a kawo buta da kwano a wanke hannu. Ka nuna masa yadda ake gutsura a yi ɗan rami da babban yatsa a ɗebo miya. Zai ɓata riga, ba komai. A gaya wa masu girki su sassauta barkono, a ajiye yaji daban. In akwai hoce, a kawo masa ya ɗanɗana da ƙuli, don ba zai same shi a otal ba. Ka kuma faɗa masa tun a mota cewa in an gabatar da shi ga matan gida, gaisuwar baki ta isa, kada ya miƙa hannu.

Fura ce ke ba ni tsoro. Kowane baƙo na son ta, kuma ita ce ta fi kwantar da su. Cikinmu ya saba da nonon tallan ƙwarya da ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, nasa bai saba ba. A sayo furar, a dama a gida da kindirmon da aka tafasa madararsa ko yogot na kanti, da ruwan gora. Haka zoɓo da kunun aya. Bayan nan a bar shi ya miƙe a tabarma har la'asar. Duk wanda ya ce a ci gaba da yawo da ƙarfe 2 na rana a Sakkwato ba masoyinka ba ne.

Bayan la'asar

Yanzu gari ya yi laushi, sai a zaga tsohon birni. A wuce ta gaban Fadar Sarkin Musulmi, ya ga dogarai da jajayen rawunansu. Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar na kan karaga tun 2006. Shiga ciki sai da shiri tun da wuri ta hannun wanda ya san fada, ba a faɗawa haka nan. A nan nakan taƙaita tarihin a numfashi biyu: an fara jihadi a 1804, Muhammadu Bello ya kafa garin a 1809, Shehu Usmanu ya rasu a nan a 1817, Turawa suka ci garin a yaƙin Giginya a watan Maris na 1903. In Baturen Ingila ne nakan ƙara masa da cewa ba shi ne farau ba: Kilafaton (Hugh Clapperton), wani matafiyi ɗan Birtaniya, ya zo wurin Sarkin Musulmi Bello a 1824, ya sake dawowa, ajali ya same shi a nan a 1827. Sukan yi dariya su taɓa goshi su ji ko da zazzaɓi.

Hubbare wurin ziyara ne, ba wurin yawon buɗe ido ba. A can Shehu yake kwance, 'yarsa Nana Asma'u ma a nan kusa da shi, kuma za ku tarar da mata daga nesa, har daga Nijar, sun zo ziyara. In baƙonka ba Musulmi ba ne, ka fara shiga kai kaɗai ka gaida masu kula da wurin ka tambayi iyakar inda zai tsaya, abin da suka ce shi ke nan. A cire takalmi, a sassauta murya, a tanadi 'yan canji na sadaka.

Balangu

Bayan magariba a je ga abin da ya sa Bajamushena juya wuya. Ka zaɓi mai nama da ake jira, ka ce a yanka muku balangun rago daga wanda ke kan wuta, a sake ɗora shi ya yi zafi a gabanku. Tsoka da ɗan kitse. Hanta da tumbi sai in shi ya nema. Yaji a gefe. Ɗanyen kabeji da tumatir da ake barbaɗawa a kai, a ce a bar su. Albasa in an yanka ta nan take ba laifi. Ku zauna a benci ku ci daga takarda ɗaya, sannan a gangara wurin mai shayi a sha mai citta.

Kilishi a saye shi a ƙarshe. Ka sa mai kilishin ya nuna masa yadda ake yi: a fere nama fale-fale kamar takarda, a shanya, a tsoma a labu na ƙuli da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a nuna wa wuta. Mai kyau in an ɗaga shi ga fitila haske na ratsawa, yana karyewa ba ya jan haƙori, kuma ba ya warin tsohon mai. A ɗanɗana kafin a naɗe.

Sai dai ka gaya masa gaskiya tun kafin ya saya da yawa: Amurka da Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin fasinja ya shigo da nama daga nan, busasshe ko ɗanye, kuma a filayen jirginsu akwai karnukan da aka horar don shinshino shi. Ya sayi wanda zai ci a masauki ya raba wa abokan aiki. Abin da zai shiga akwati shi ne fata, yadi, hula, faifai da ƙwarya a naɗe cikin tufafi don kada ta fashe. Turare da humra a ɗaure bakin kwalbar da leda, a sa a babban akwati, ba jakar hannu ba.

Kafin ka sauke shi, ka ajiye masa gorar ruwa biyu, ka karɓi lambar ɗakinsa. Da safe ka kira ka ji yadda ciki ya kwana. Daga nan ka wuce wurin tela.